Ƙugin da Ke Ƙarƙashin Muryar Baba

Ranar Talata ce, ruwa na tsuga tun asuba, babu kowa a sitidiyon sai shi. Abokan aiki suna kiransa Kunne, don yana jin ƙarar da ba wanda ke ji.

Wata uku da suka wuce ya zaunar da mahaifinsa gaban makirufo. Tsohon ya yi minti goma sha ɗaya yana ba da labarin yadda ya fara ganin mahaifiyarsu a layin famfo. Bayan sati biyu Allah ya yi masa rasuwa. Muryarsa ba ta saura ko'ina ba sai a fayil ɗin nan, ga shi Yaya ta ce za ta zo da la'asar ta ji.

Da ya kunna, sai ga ƙugi a ƙasan maganar, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya san mai laifin: taransifoman amfilifaya, na'urar ƙara sauti, wadda ya ajiye dab da wayar makirufo ranar ɗaukar.

Ya ja amfilifayar zuwa ɗaya kusurwar, ya ɗaure kusoshin taransifoman da suka saki, ya shimfiɗa masa roba, ya raba wayar wuta da ta sauti. Ɗakin ya yi tsit. Amma gyaran yau ba ya shiga ɗaukar jiya. Sai ya koma kan kwamfuta yana yanke ƙasan sautin, kaɗan-kaɗan, har ƙugin ya mutu murus. Hannunsa, da ya saba da aikin tallace-tallace, ya ajiye sabon a kan tsohon fayil, ya maye gurbinsa.

Yaya ta shigo tana karkaɗe mayafi.

"Kunne sarkin ji! Duk tsawar nan ba ka ji ba, balle ka taro ni da laima?"

"Zauna dai, Yaya, ki ji aiki. Tas, kamar an wanke."

Ta sa abin sauraro a kunne, ta saurara minti biyu, ta cire.

"Wane ne wannan?"

"Baba mana."

"Maganar Baba dai. Ina 'mmm' ɗin da yake ja daga ƙirji kafin ya ambaci Inna? Wannan ai kamar daga gwangwani ake magana."

Sai a lokacin ya gane. Muryar tsohon da ƙugin taransifoma a zurfi ɗaya suke, ya yanke su tare. Ya duba kwamfuta yana neman tsohon fayil ɗin, ya duba kwandon shararta, ya duba wayarsa. Babu.

Yaya ta dafa kafaɗarsa, ta fita cikin ruwan.

Ya zauna shi kaɗai a ɗakin da ba ya ƙugi, yana bin layin sautin a allo, yana ƙirga wuraren da ya kwanta shafal kafin sunan Inna. Fayil ɗaya ya tafi, da kaurin muryar minti goma sha ɗaya, da "mmm" guda bakwai.