Ƙasan Teku a Ramin Yaya

Auta ba ta taɓa son wurin fasa dutsen mahaifinsu ba. Tun tana ƙarama ƙurarsa ke sa ta tari. Amma ita ce ta ƙare da karatun duwatsu, har ta zama malama a jami'a. Yayanta kuwa, babban ɗan gidan, shi ya gaji ramin da katafila da tifofi bayan rasuwar Baba. Shi yana fasa dutse ya sayar da tsakuwa, ita tana yanka shi siriri ta duba a madubin ƙara girma, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ɓarna yake yi.

Wata Asabar Mama ta aike ta da saƙo wurinsa. Tana saukowa daga mota idonta ya faɗa kan bangon gabas na ramin, wanda nakiya ta buɗe a makon. Wani dutse ne baƙi mai ratsin kore, dunƙule-dunƙule kamar an jibga matasan kai, ya manne da farin dutsen da ta sani tun yarinta. Sai da ta dafa motar. Irin wannan dutse ba ya samuwa sai inda narkakken dutse ya kwarara a ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ga shi kuwa daga nan zuwa teku tafiya ce ta kwanaki.

Ta roƙi Yaya ya bar mata bangon. Ya yi dariya har da buga cinya. Ranar Litinin sai ta wuce ma'aikatar ma'adinai ba tare da ta gaya masa ba, aka yi mata alkawarin jami'i zai zo ranar Alhamis ya dakatar da aiki a gefen. Ta manta cewa mutumin da ya shekara ashirin yana shiga ofisoshin nan ba ya rasa kunne a cikinsu.

Ranar Laraba da safe ta je ɗaukar hotuna, ta tarar an huda bangon layi-layi, ana zura nakiya.

Ofishin Yaya kwantena ce da aka yanka wa taga. Yana zaune ƙarƙashin fanka, ya ɗora takalmansa a kan tebur, bai ko ɗago ba.

"A'a, Dakta ce da kanta? Ina 'yan rakiyar taki na ma'aikata?"

"Yaya, ina kwana."

"Riƙe gaisuwarki. Wanda ya kai ƙarata ba ya gaishe ni."

"Ba ƙararka na kai ba. Bango ɗaya na roƙa. Ga yamma, ga kudu, duk dutse ne."

"Na yamma ruɓaɓɓe ne, ko kaza ta taka shi sai ya marmashe. Masu aikin titi baƙin dutsen nan suke so. In ban kai musu ba gobe su koma wurin wani, mutanen da kike gani a waje kuma ke za ki ciyar da su?"

Ta ja kujera ta zauna, ko da yake ba a ce ta zauna ba.

"Ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka. Ƙasar nan da muke takawa ba da wannan faɗin ta fara ba, ƙaruwa ta riƙa yi. Ƙasan teku tafiya yake, a hankali kamar tsiron farce, ya zo ya kutsa ƙarƙashin tudu ya nutse. Abin da ya ƙi shiga sai ya kankaru ya manne a gefe, kamar laka a bakin katafilarka. Da haka tudu yake faɗaɗa, duwatsu su tashi, su tsufa, su zaizaye. Bangon nan shi ne ɗinkin, inda ƙasan tekun ya haɗu da tsohuwar ƙasa. Shekara nawa ana neman sa a yankin nan ba a gani ba."

"Teku," in ji Yaya. Ya leƙa taga ya ƙwala wa direban tifa kira. "Kai! Ka ji wai a cikin teku muke aiki. Gobe kowa ya zo da kwalekwalensa!" Ya juyo, dariyar ta gushe. "Lokacin da Baba yake kwance, injin niƙa dutse ya lalace, ma'aikata suna watsewa, ina kike? Kina can kina shafa duwatsun wasu ƙasashe. Yau kin ga abin da zai ɗaga sunanki, kin tuna hanyar nan."

"Kai ka ce kada in ƙara tako wurin nan, ranar da kuka dawo daga maƙabarta."

"To yanzu ma na maimaita."

Ta miƙe. Ta fita, ta ɗauki gudumarta a mota, ta bi gefen ramin ta hau har kan wani tudu da ke tsakiyar bangon, ta zauna tsakanin wayoyin nakiya.

Aiki ya tsaya cak. Mai nakiya, wani dattijo da ya yi aiki da Baba, ya ajiye akwatinsa ya ce shi ba ya tayar da wuta da mutum a kai, ko da kare ne balle 'yar maigida. Yaya ya fito ya tsaya a ƙasa yana zazzaga masifa. Ya ce mata butulu, ya ce karatu ya cinye mata hankali. Ita ma ta mayar masa daga sama, ta ce jahilin da zai niƙa tarihin duniya ya shimfiɗa wa tayoyi. Ma'aikata suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba.

Rana ta take. Dutsen ya yi zafi har ta cikin zanenta, ruwan gorarta ya ƙare. Ta ɓalli 'yan gutsattsari ta zuba a jaka, amma ta san ba su ne abin ba. Abin shi ne yadda duwatsun biyu suka kwanta da juna, wannan kuwa sai an yi makonni ana aunawa. Ta dai ƙudurta ko kwana ne za ta yi a nan har jami'in ya iso.

Wajen azahar wayarta ta yi ƙara. Lambar Mama ce, amma muryar matar Yaya ta ji.

"Auta, ki zo! Mama ta faɗi a banɗaki, ba ta magana!"

A ƙasa ta hango Yaya ya fito daga kwantena da gudu, waya a kunne, ya faɗa motarsa ya fice. Wannan ne ya cire mata shakka. Ta sauko tana zamewa, gwiwarta ta kuje, ta bi ƙurarsa.

Ta kai mararrabar babban titi ke nan ta ji tashin nakiyar. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin motar, tsuntsaye suka tashi daga kan wayoyin lantarki. A madubi ta ga ƙura ta turnuƙe sama, ta kuma ga motar Yaya a fake bayan wani gidan mai. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ba ta juya ba, don ko a lokacin tana tsoron kada maganar Mama ta zama gaskiya.

Ta tarar da Mama a baranda, da tabarau a hanci, tana fama da zare da allura. Matar Yaya na ganinta ta shige kicin.

"Ni na ce a kira ki," in ji Mama, ba ta bar zaren ba. "Kada ki ga laifin kowa."

"Mama, da ranki aka yi mini ƙarya."

"Da raina na ga dama. Na san abin da na haifa. Ke ba za ki sauko ba, shi ba zai fasa ba. In zauna sai an kawo mini gawa a kan dutse?"

"Shi kika zaɓa."

"Zauna in duba ƙafar nan, jini take yi."

Auta ba ta zauna ba.

Washegari jami'in ya zo ya sami tarin baƙin dutse, tifofi suna lodi. Auta ta ba da shaida, ba ta rage komai ba, har kiran wayar. Aka rufe ramin na wasu watanni, masu titi suka koma wurin wani, rabin ma'aikatan suka watse. Ita kuma ta rubuta abin da ta iya da hotuna da gutsattsarin jakarta. Masu tantancewa na mujallar da ta aika wa suka ce abin sha'awa ne, amma hujjar ba ta isa ba.

Yanzu ita take zuwa gaishe da Mama ranar Asabar, shi ranar Lahadi. Sau ɗaya suka yi karo a ƙofar gida, motarsa za ta fita tata za ta shiga. Suka tsaya hanci da hanci, babu wanda ya ja baya, babu wanda ya danna oda, har sai da maƙwabci ya fito ya buɗe musu ɗaya ɓangaren ƙofar.