Farce Ba Fenti

Malamar zane ta sa 'yan aji biyu su riƙa cika littattafansu da zane da fenti kullum. Yatsun kowa sun yi kaca-kaca, ban da na Auta. Shafukanta sun fi na kowa kyau, farcenta kuwa tas. Abin ya tsaya wa malamar a rai.

"Wani ke yi miki," ta ce. "Zauna ki yi a gabana."

Auta ta zaro leda daga jaka, ta naɗe hannunta, sannan ta ɗauki burushi. Zanen ya fito sak irin na littafinta.

"Ledar ta mece ce?"

"Baba ma farcena yake dubawa, Malama. Shi in ya ga fenti, ƙona littafin zai yi."