Hagun Yaya Zayyanu

Shekara ashirin da uku Yaya Zayyanu ya yi yana zuba gahawa a majalisin wani attajiri a Riyad, ko ɗigo bai taɓa ɓata wa baƙo riga ba. Ni ƙaninsa Nu'uman direba ne, ɗakinmu ɗaya a unguwar Ulaisha, don haka ni na fara lura hannuwansa na makyarkyata. Rannan sai ga shi ya ƙona wani baƙo a gwiwa. Kafili, wato attajirin da takardar zaman Yaya a ƙasar ke hannunsa, ya ce in ba a samu sauƙi kafin walimar ɗansa ba, sai dai Yaya ya koma gida.

Mutumin dai bai manta alheri ba, shi ya nema mana likita. Likitar ta ce ba yanka, ba ɗinki. Sauti za a tara wuri guda cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda yara ke tara rana da gilashi, a ƙona ɗan wurin da ke kawo rawar. Amma hannu ɗaya ake gyarawa a lokaci guda. Har ta rubuta hannun dama.

"Hagu," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Da me za ka ci tuwo? Da me za ka gaisa?"

Ya ce, "Kai sitiyari kawai ka sani. Buta a hagu take, kofuna a dama. Na hagun ke zubawa."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Aka yi masa tal-kwabo, aka ɗaura masa wani ƙarfe a ka, aka tura shi cikin na'ura idonsa biyu. Da aka gama suka ba shi biro ya zana da'ira su gani. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, a kawo gorar ruwa da kofi. Ya ɗaga hagun, ruwa ya sauko siriri kamar zare. Ni da na zo da faɗa, sai da na yi hawaye.

Ranar walima bayan azahar na laɓe bakin ƙofa, idona kan damar Yaya da ke nan tana rawarta. Kofunan suka riƙa ƙara, cas, cas. Ashe masu gahawa da gangan suke kaɗa su don baƙo ya san an iso. Wani dattijo ya karɓi kofi, ya ce, "Ma sha Allah, ya mu'allim!" Kafili ya dubi jama'a ya ce wannan nasu ne, ba inda za shi. Na ji kamar ni aka yaba, kaina har da ɗan girma.

Da muka koma ɗaki na zuba mana tuwo. Loma ɗaya, miya ta wanke masa gaban riga. Na buɗe baki zan yi tsiya, ya riga ni.

"Rigata ce, Nu'uman. Ba ta baƙo ba."