Jirgin Baba da Babban Ruwa

Babanmu Sokari ya sassaƙa jirginsa na ƙarshe a bayan gida, saboda ƙafafunsa sun daina kai shi bakin ƙorama inda ya saba aiki. Da ya gama, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Abu ɗaya ya roƙe mu: ya ga jirgin nan yana yawo a kan ruwa da idonsa.

Tsakanin bayan gidanmu da ƙorama taɓo ne mai haɗiye mutum har cinya. Ba a jan jirgi mai nauyi a cikinsa, sai dai a jira babban ruwa ya hauro ya ɗaga shi. Babban ruwa kuwa ba kullum yake zuwa ba. Wata ne ke jan teku, shi ya sa ruwa ke cika ya janye sau biyu a rana. In wata ya tsaya ko ya cika, shi da rana da duniya suna kan layi ɗaya, jansu ya haɗu, ruwa ya kai inda bai saba kaiwa ba. In ya zama rabi, rana na ja ta gefe, ruwan ya yi sanyin jiki. Ni Ibiso wannan nake koya wa 'yan aji biyar da lemo da fitila, amma a garinmu ko mai tsintar dodon koɗi ta san lokacin. Kowa ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ranar da wata ya cika, da la'asar, ruwa ya hauro har ya fara lasar gindin jirgin. Maza sun tuɓe riguna. Na jingina Baba da matashin kai a bakin taga. Saura kawai ɗan fari ya zuba barasar ogogoro a goshin jirgi ya kira sunan kakanni, kamar yadda ake yi. Baffa Iyalla, ƙanen Baba, ya miƙa wa yayana Dagogo kwalba.

Yaya ya mayar da hannuwansa baya. Tun da ya sauya coci a Fatakwal ya daina taɓa irin wannan.

"Baffa, ni ba zan zuba ba. Fasto zai zo gobe ya yi addu'a."

"Fasto ne ya sare itacen?" in ji Baffa. "Kai da aka yi wa wanka kana jariri a cikin jirgin da aka zuba wa wannan kwalbar, yau kai ne mai tsarki?"

Na ce, "Yaya, don Allah ku dubi ruwa. Ba zai tsaya jiranku ba."

"Ke malama, nan ba aji ba ne."

Suna ta cacar baki ruwa ya tsaya cak, sannan ya fara sulalewa. Wata ya ɓullo ja wur ta bayan itatuwa, maza suka mayar da rigunansu.

Washegari ruwan ya fi na jiya, don babbar cika takan biyo bayan cikar wata kaɗan. Ya kuma makara, domin shi kansa watan kullum yana ƙara makara wajen fitowa. Fasto ya iso da kwalbar man zaitun, mutum mai fara'a, ba ruwansa da rigima. Sai Baffa ya hau jirgin ya zauna daram, ya rungume tasa kwalbar.

"Ya yi addu'arsa, ban hana ba. Amma a bayan tawa."

"A gaba dai," in ji Yaya. "Kuma in an yi addu'a ba a zuba komai."

"To ku tura da ni a ciki. Ku tura mana!"

Wa zai tura dattijo? Na tsaya ruwa na dukan gwiwata, jirgin har yana motsi da kansa, ɗan turi kaɗan yake nema. Na ce da su, "Ku yi duka biyun a tare! Baffa ta goshi, Fasto ta baya. Jirgin ai dogo ne, ya ishe ku." Wani ya yi dariya, Yaya ya harare shi. Wallahi ji na yi kamar in fasa kwalaben nan biyu a kan dutse.

Da na koma ɗaki Baba ya ce, "Ibiso, ya tashi?"

"Gobe, Baba."

"Gobe ruwa zai fara raguwa." Ya yi tari mai tsawo. "Ki ce musu ni ban damu da wanda ya fara ba."

Na faɗa musu. Baffa ya ce ciwo ne ke magana, ba yayansa ba. Yaya ya ce dama Baba bai taɓa son ɓata wa kowa rai ba, shi ya sa dole a tsaya masa.

Rana ta uku aka kira dattawa. Aka dafa onunu, sakwararmu ta doya da ayaba, da farfesun kifi, aka zauna a ƙarƙashin rumfa tun azahar. Kowane tsoho sai ya faro daga kakan kakansa. Ni ina ta zirga-zirga tsakanin rumfa da taɓo, na kafa kara a bakin ruwa ina dubawa. Na leƙa na ce, "Iyayena, ruwa ya iso." Aka ce mace ba ta katse dattawa. Na koma, na dawo. "Ruwa ya cika fa." Wani tsoho ya ce, "'Yar nan, teku ƙaura za ta yi ne?"

Gab da magariba suka fito da hukunci, suna murmushi kamar sun gano sabon abu: a yi duka biyun a tare, Baffa ta goshi, Fasto ta baya. Aka ruga. Kafin Fasto ya naɗe ƙafar wandonsa ruwa ya sauka daga kan karan da na kafa. Maza suka sa kafaɗa, suka yi nishi, jirgin ya matsa taku ɗaya ya nutse cikin taɓo.

"Ba komai," in ji Yaya yana haki. "Sai tsayuwar wata. Mako biyu ne kawai."

Na koma ɗaki wurin Baba.

Baba ya rasu wata yana rabi, lokacin da ruwa ko bakin taɓo ba ya kaiwa. A ƙaramin kwalekwalen maƙwabci muka kai shi ɗakin ajiyar gawa a Fatakwal, ƙafafunsa a lanƙwashe don wurin bai isa ba.

Da aka sa ranar jana'iza, babu wanda ya yi musu a kan lokacin: sai babban ruwa, don a je a ɗauko shi a jirginsa. Ran nan ruwa ya hauro da la'asar. Baffa ya tsaya ta goshi, Fasto ta baya, kafin in gyara ɗaurin zanena sun gama. Mutum huɗu suka taɓa jirgin ya tashi sumul, ko ɗigo bai shiga ba.

Yaya ya share ido ya ce, "Kai, Baba ya iya aiki. Da ma ya gani."

Na juya na dubi tagar. Matashin kan da na jingina Baba da shi yana nan inda na bar shi.