Gaisuwar Ƙarfe Goma

Wybren Kooistra ya sa mamaci aiki har wata bakwai, kuma bai ji kunya ba.

Shi ne daraktan gidan rediyon da ke gefen garin Zwolle, mai watsa shirye-shirye ga 'yan ƙasa da ke waje. Kwantiraginsu da gwamnati ya ce shirin gaisuwar ma'aikatan jiragen ruwa dole mutum ne zai karanta shi da bakinsa. Siebe Postma ya shekara talatin yana karantawa. Da ya rasu, iyalinsa suka binne shi shiru, ba sanarwa, kamar yadda ya yi wasiyya. Kooistra ya ga dama ta samu. Ya ɗura wa kwamfuta tsofaffin faya-fayan Siebe domin ta kwaikwayi muryarsa, ya sallami mata biyu masu tantance wasiƙu. Duk saƙon da aka turo, muryar ta karanta.

Ranar Alhamis 'yan majalisa biyu suka zo duba gidan, domin mako mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a: a sabunta kwantiragin, ko a miƙa wa kamfani mai zaman kansa. Ruwa na sauka. Aka zuba musu kofi, kowa da biskit ɗaya.

"Gidan tarihi kuke ciyarwa," in ji Madam Dijkgraaf, ɗaya daga cikinsu, mai son a miƙa wa kamfani. "Wa ke sauraron rediyo a teku yanzu? Kifi?"

"Ke da jam'iyyarku, ko makabarta kuka samu sai kun ba ɗan kwangila," in ji Oosterhuis, abokin hamayyarta. "Babana matuƙin jirgi ne, da muryar Siebe na girma. Darakta, ina tsohon? Zan gaishe shi."

"Daga gida yake karantawa yanzu," in ji Kooistra. "Ciwon gwiwa."

Ƙarfe goma ta yi. Jar fitila ta kama a ɗakin watsa shiri, inda ba kowa sai kujera. Muryar ta fito daga lasifika, a tausashe, har da ɗan numfashin da Siebe yake ja kafin ya kira suna. Ta gai da wani mai dafa abinci a tekun Baltic. Ta taya wata murnar haihuwa. Oosterhuis ya lumshe ido.

"Saƙo na gaba daga Aaltje Postma, a Harlingen," in ji muryar cikin fara'a. "Siebe, mijina, ka mutu ran tara ga Maris. Ni na rufe maka ido. Na rubuta wa daraktanka sau huɗu, bai amsa ba. Kullum da safe ina jin ka a kicin kana gai da mutane. Ka yi shiru haka nan, tsohona, ka kwanta."

Muryar ta ja numfashi, ta wuce saƙo na gaba.

Madam Dijkgraaf, da nasara ta faɗo mata a hannu, ba ta yi murmushi ba.

"A kashe," in ji Oosterhuis.

Kooistra bai san inda ake kashewa ba. Wadda ta sani tana cikin waɗanda ya sallama. Muryar ta ci gaba har rabin awa, suna zaune.

Majalisa ta soke kwantiragin. Ma'aikata arba'in da ba su ci ba, ba su sha ba, suka rasa aiki. Kotu ta sami Kooistra da laifin zamba, ta ɗaure shi wata goma sha takwas.