Muryar Ramla a Shafi na Huɗu

Ƙanwata Ramla murya Allah Ya ba ta. Duk tallar sabulu ko sanarwar rigakafi da ka ji a rediyo nan Katsina, in ta yi maka daɗi a kunne, to ita ce. Ba ma'aikaciyar kowa ba ce. A kira ta, ta karanta, ta dawo gida Ƙofar Kwaya.

Ranar Laraba bayan La'asar ta shigo mani da takarda shafi shida, duk Turanci. Wai wani kamfani na Abuja ke son ta yi masu karatun kwana uku, kuma Alhaji Gwadabe, aminin marigayi Babanmu, shi ya kawo su har zaure. Ta ce in duba mata, tunda shekara sha ɗaya ina buga irin waɗannan takardu a sakatariya.

Shafi ukun farko lafiya lau. Ina shiga na huɗu raina ya ɓaci. An rubuta cewa muryar ta zama tasu har abada, za su ɗora ta a na'ura ta riƙa faɗin duk abin da suka ga dama, ba sai sun tambaye ta ba. Kuma ba ta da ikon yi wa kowa talla sai da izininsu. Kai jama'a! Wato gobe a ji Ramla na tallar maganin ƙarfin maza, ko tana zagin wani lokacin zaɓe, alhali tana tsakar gida tana tankaɗe. Wannan ai rainin hankali ne, an samu ɗiyar mutane mai kunya.

Na fassara mata layi-layi, ina ta faɗa sai ka ce ita ta rubuta. Na ce gobe da safe za mu wurin Alhaji, ko a soke shafin ko su nemi wata. Na jawo jan biro zan zagaye wurin.

Ta riƙe mani hannu, kanta a ƙasa.

"Yaya, wannan kwafi ne. Tasu tana Abuja."

Na tambaye ta mi take nufi.

"Alhaji da hannunshi ya miƙo mani biro, ya ce ya riga ya amsa masu, sai na sa hannu. Ta yaya zan tsaya karatu gabanshi kamar ina tuhumarshi?"

"To don mi kika kawo mani?"

"Ina so in ji abin da na sayar."