Sadakar Ukun Malam Ridwanu

Likitan ido a Gashuwa bai yi wa Hafiza kwana-kwana ba. Idon hagu na mahaifiyarta ya riga ya tafi, na daman ma ya kama hanya, da wuya ya kai damina. Ita kuwa Inna Bintu, wadda ta tsufa a bakin bandar kifi a Nguru, ko a jikinta. Da suka shiga motar gida abu ɗaya ta tambaya: "To, zan ga ƙarshen fim ɗina?"

Wani fim ne mai dogon zango kan rigimar gado, ta fi shekara tana binsa a kwamfutar Hafiza duk lokacin hutu. Hafiza ta juyo ta dube ta. Ta ce, "Wallahi sai kin gani, Inna, da idonki."

Hutun jami'ar su Hafiza mako biyu ne kacal, kuma hutu na gaba sai bayan damina. Hafiza ta zauna ta yi lissafi. Kashi talatin ya rage, kowanne kusan awa guda. In ana kallon uku a rana, kwana goma an gama. Ta ware lokacin salla da na girki, ta ware wa masu ɗauke wuta nasu, har baƙin nan masu gaisuwa kamar ba za su tashi ba ta sa su a ciki. Duk da haka akwai rarar kwana huɗu.

Rana ta biyu, ana tsaka da kallo, Malam Ridwanu, dattijon gidan da ke cikin fim ɗin, ya ce ga garinku nan. Inna ta rafka salati, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Kashe abin nan."

"Inna, saura biyu fa na yau."

"An yi rasuwa kina ce mini saura biyu? A gidan wa kika taɓa ganin ana kallo kafin sadakar uku?"

"Haba Inna! Ɗan wasa ne. Yana can da ransa, wataƙila ma tsire yake ci yanzu haka."

"Shekara guda bawan Allahn nan yana shigowa ɗakina. Ba zan yi masa rashin kara ba."

Kai, tsohuwar nan da taurin kai! Kwana uku cur kwamfuta na rufe, a na ukun har gumba ta sa aka daka ta raba wa maƙwabta. Hafiza tana kallon rararta tana narkewa kamar man shanu a rana, takaici kamar ya kashe ta. Amma ta rantse, kuma ba ta da niyyar yin kaffara.

Washegari ta tari Keke Napep sai kasuwa, shagon Babakura mai tura finafinai.

"Yaya Babakura, mutum nawa za su ƙara mutuwa a fim ɗin nan?"

Ya ƙirga da yatsu. "Huɗu. Rigimar gado ce fa, ba biki ba."

Huɗu! In kowanne ya ci kwana uku, ai sai ta koma makaranta ba a je ko'ina ba.

"Yanke su. Mutuwar, jana'izar, zaman makokin, duka."

"Labarin zai yi giɓi, Hajiya."

"Ya yi. Ina nan zaune sai ka gama."

Ta kuwa zauna a bencinsa, cikin warin bushasshen kifi da ƙarar janareta, har aka kira la'asar.

Aka ci gaba da kallo, uku a rana babu fashi. Kullum Inna sai ƙara matsowa take, har hancinta na neman taɓa gilashin. Can wata rana ta ce, "Ina ƙanin nan mai gemu? Kwana biyu ban gan shi ba."

"Ya yi tafiya."

"Allah Ya kiyaye hanya."

Haka mutum huɗu suka yi tafiya ɗaya bayan ɗaya, Inna tana bin kowanne da addu'ar sauka lafiya.

Ranar ƙarshe ta hutu, da yamma lis, aka raba gado, aka yafi juna, sunayen 'yan wasa suka fara hawa. Jakar Hafiza na bakin ƙofa a ɗaure, da sassafe za ta bi motar Gashuwa ta koma makaranta. Daɗi ya cika ta, har tana jin kamar ta yi guɗa. Inna ta goge idonta na dama da gefen zani ta yi hamdala. Sannan ta ce, "Matafiyan nan huɗu, Allah Ya jiƙan su."

Hafiza ta ce, "Inna, ashe kin gane?"

"Ido ɗaya ya rage mini, amma na ga matansu cikin takaba."

"To me ya sa kika yi shiru, Inna?"

"Na ga kin ɗaura ɗamara, na ce bari in bar yarinya ta cika rantsuwarta. Yanzu sai mu haɗa musu ukunsu gaba ɗaya." Ta laluba ta kamo hannun 'yarta. "Ki zauna mini ta nan dama, inda hasken ƙofa yake sauka a fuskarki. Ita ce ban gama gani ba."

Gobe ake komawa aji, Hafiza ta sani sarai. Ta tashi ta ɗauko jakar, ta tura ta can ƙarƙashin gado, ta dawo ta zauna ta dama.